Mayar da Brown Bess kamanninta na 1812: kundin aiki

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na kwance bindigar kaf na jera sassanta a kan tebur a gareji. Kwafin Brown Bess ce, samfurin da ake kira na Indiya, irin wadda sojan ƙasa na Ingila suka riƙe a yaƙinsu da Napoleon. A Indiya aka ƙera ta 'yan shekarun nan, ni kuma na saye ta fam 380 a hannun wani ɗan ƙungiyarmu da ya daina fita. Ƙungiyar ta masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi ce a nan arewacin Ingila, kuma shekarun da muke nunawa su ne 1811 zuwa 1815, wato daga fafatawar Sifen da Fotugal har zuwa Waterloo.

Maganar doka ita ce a gaba. A ƙasar nan bindiga mai santsin ciki irin wannan tana kan lasisi, albarushi ma da tasa takardar daban daga wajen 'yan sanda. Bututun ya riga ya bi ta gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda majalisa ta kafa tun 1813, hatiminsu na nan a jikinsa tare da lambar bindigar. Waɗannan ba zan taɓa su ba. Cikin bututu da gindinsa ma babu ruwana da su. Inda hannuna zai kai shi ne katako, tagulla, fata da fuskar ƙarfe ta waje.

Wanda ya san adaka ta mafarautan gida ba zai sha wahalar gane ta ba. Ta baki ake ɗura ta. Kunama tana riƙe da ƙanƙara, in ta sauka sai ta sari ƙarfen ƙyastu, tartsatsi ya zuba cikin ɗan kaskon albarushi, wuta ta bi wata 'yar kafa ta shiga bututu.

Tsawon bututu daidai yake, inci 39. Bututun tagulla masu riƙe tsinken ɗuri uku ne, haka ya kamata. Abin da ke damuna katakon ne: ya yi kauri ko'ina, an kuma lulluɓe shi da banish ja mai ƙyalli har mutum na iya hango fuskarsa a ciki. Na ɗora ta a sikeli, kilo 5.2. Ta asali ba ta wuce kilo huɗu da rabi.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wajen dattijon ƙungiyarmu wanda ke da ta asali a gida, ya bar ni na wuni da ita a kan teburin cin abincinsa, tawa a kwance kusa da ita.

Yana zuba shayi yana ba ni tarihin samfurin, kuma tarihin ne ya bayyana mini siffarta. Brown Bess ta farko, ta shekarun 1720, bututunta inci 46 ne. A ƙarshen shekarun 1760 aka rage zuwa 42. Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila kuwa yana da tasa ta inci 39 tun 1771, mai sauƙin ƙira da araha, wadda ake danganta ta da Laftanar Kanar Edward Windus. Da yaƙi ya ɓarke da Faransa a 1793 gwamnati ta rasa isassun bindigogi, sai ta shiga sayen na kamfanin, a 1797 kuma ta ɗauki samfurin ya zama na sojanta. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera wajen miliyan uku. Saboda haka bindiga ce ta gaggawa. An rage mata ado, an cire 'yar tagullar da ke kan wuyan ƙota, an mai da bututun tsinke uku maimakon huɗu. Amma gaggawar ba ta sa an bar mata katako jibge ba, domin masu sassaƙar sun saba da aikin, hannunsu ba ya barin abin da ba shi da amfani.

Wannan shi ne abin da na gani da idona. Inda katako ya rungumi bututu, a ta asali ya sirance har ya kusan zama kaifi, yatsa na wucewa daga ƙarfe zuwa katako ba tare da ya ji tudu ba. A tawa akwai dakali mai faɗin milimita biyar a kowane gefe. Wuyan ƙota a ta asali siriri ne, hannu na zagaye shi babban yatsa ya taɓa na tsakiya. A tawa ba sa haɗuwa. Katakon da ya kewaye gidan kunama, wato farantin ƙarfen da ke ɗauke da kunama da ƙyastu da kasko, shi ma ɗan siririn baki ne kawai a ta asali, a tawa kuwa fili guda.

Na zana kowane wuri a kwali na yanke, na samu ma'aunai tun daga baki har gindi. Dattijon ya ja mini kunne kada in ɗauki tasa a matsayin ita kaɗai ce gaskiya. A lokacin ba masana'anta ɗaya ke yin bindiga ba. Bututu daga wani maƙeri yake zuwa, gidan kunama sau da yawa daga garin Wednesbury ko Darlaston, sannan wani daban ya haɗa su da katako, kowane sashe da hannu ake daidaita shi. Ya juya tasa ya nuna mini 'yan zane-zanen magagari a cikin hanyar tsinke, alamar da mai haɗawa ke yi don kada kayan wannan bindiga su gauraya da na waccan.

Lahadi, 19 ga Janairu

Sayayya kawai. Makankarai na ƙarfe fam 14, magagarin katako 22, maganin cire fenti 11, man linsid 9, tafantain 6, rinin katako 8. Jimla fam 70.

Asabar, 25 ga Janairu

Cire banish. Sai da na buɗe ƙofar gareji duk da sanyi, saboda warin maganin ba ya shaƙuwa. Banish ɗin ya taso yana kumfa, na bi shi da makankari, jan launi ya tafi tare da shi. Ashe launin duk a cikin banish yake, katakon da ke ƙasa fari-fari ne mai ratsin rawaya. Tik ne, kamar yadda na yi zato. Na asali da walnat ake yin su.

Abin da ban zata ba shi ne abin da banish ya ɓoye. A bayan gidan kunama, inda farantin ƙarfe ya kamata ya zauna daram a cikin katako, an haƙa ramin ya zarce, aka cike gurbin da wani cakuɗen garin katako da gam. Da maganin ya taɓa shi sai ya yi laushi ya zube, ya bar rata mai tsawon kusan inci ɗaya da faɗin milimita biyu. Akwai irinta ƙarama a gefen wutsiyar bututu. Ba maganar kyan gani kaɗai ba ce. Rata a bayan gidan kunama hanya ce da garin albarushi zai riƙa zurarewa ya taru a cikin ramin, kuma duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san haɗarin haka. Dole a toshe ta da katako na gaske.

Raina ya ɓaci, na rufe gareji da wuri.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako guda ina juya magana ɗaya: in ci gaba da wannan tik ɗin ko in sa a yi mini sabuwar ƙota ta walnat. Na tambayi farashi. Katakon da aka fara sassaƙawa da ladan wanda zai zaunar da bututu da sauran ƙarafa a ciki za su haura fam 600, fiye da kuɗin bindigar kanta. Na haƙura. Tik ba zai taɓa zama walnat ba, wanda ya sani zai gane in ya matso kusa, amma daga taku biyar abin da ido ke fara kamawa siffa ce, launi na biye, irin katako na can baya.

Na toshe ratar. A ƙarƙashin farantin tagulla na gindi akwai katakon da ba ya ganuwa, nan na yanko 'yan siraran ɓaɓɓake don launi da jijiyar katako su dace. Tik na da maiƙo a jikinsa, gam ba ya kama shi sosai sai an goge maiƙon an bar wurin ya bushe. Na manna, na ɗaure, washegari na sake gyara ramin da ƙaramin cizal. Dabarar tsohuwa ce: a shafa baƙin hayaƙin kyandir a bayan farantin ƙarfe, a danna shi cikin rami, inda baƙi ya fito a katako nan ake kankarewa. Haka ake maimaitawa har ya zauna. Yanzu ko takarda ba ta shiga tsakani.

Gam da sandar ƙarfe siririya ta yin sababbin ƙusoshi, fam 12.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Rage katako. Wannan ne zuciyar aikin, kuma ba ya son hanzari, tunda abin da aka kankare ba ya dawowa. Na fara da wuyan ƙota, ina ɗora kwalin ma'auni ina zana fensir a inda ya tokare. Magagari ya ɗebe mai yawa, makankari ya gyara. Na fi son makankari a kan samfefa don dalili biyu: samfefa tana kashe kaifin gefuna ta mai da komai dunƙule, sannan ƙotar asali da na duba tana da sawun kankara a wuraren da hannu bai cika gogewa ba.

Tik na cin kaifin ƙarfe. Kafin in gama gefe ɗaya makankari ya dakushe, sai an koma wasawa. Ƙurarsa kuma tana sa ƙaiƙayi a hannu da hanci, ba a yin sa babu takunkumi.

Wurin da ya fi daɗin aiki shi ne ɗan kumburin da ke daidai bututun tsinke na ƙasa, inda hannun hagu ke riƙewa. A kwafin an yi shi kamar ƙulli. A ta asali a hankali yake tasowa ya kuma sauka a hankali, sai tafin hannu ya fi ido saninsa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Bayan an tashi daga aiki na ɗan taɓa gefen gidan kunama. Ba wani abin faɗa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Katakon gaba ya tsage.

Brown Bess ba ta da zobban ƙarfe masu ɗaure bututu da katako irin na bindigar Faransa ta 1777. Ƙusoshi sirara ne ke ratsa katako su bi ta wasu 'yan kunnuwa a ƙarƙashin bututu. A tawa, hudar ƙusa ta biyu daga baki an yi ta a karkace, ta shiga daidai a dama ta fito sama sosai a hagu. Muddin katakon na da kauri babu wanda zai lura. Da na sirantar da gefen zuwa ma'aunin asali sai abin da ya rage a saman hudar ya zama bai kai milimita biyu ba. Ina mayar da bututu don gwaji na ji ƙas, tsaga ta bi jijiyar katako wajen inci uku.

Na cire bututu nan take kafin ta ƙara tafiya. Na buɗa tsagar kaɗan da bakin reza, na wanke da tafantain, na tura gam ciki da siririn zare har ya fito ta ɗaya gefen. Daga nan na naɗe bututu da leda don kada gam ya kama shi, na mayar da shi mazauninsa ya zama ƙashin da katako zai jingina, na ɗaure waje da yankakken tiyub na keke. Tsohuwar hudar na toshe ta da turken tik, zan huda sabuwa a miƙe in gam ya gama kamawa.

Na duba sauran hudojin da fitila, ɗaya ma ta ɗan karkace amma tana da sauran nama. A daidai nan zan bar katakon ya fi na asali kauri da milimita ɗaya. Gara haka da wata tsagar a tsakiyar fili.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Gyaran ya kama. Na huda sabuwar kafa, na yanka sababbin ƙusoshi na goge bakinsu. Layin tsagar na nan kamar gashi, rini zai rufe shi. Sikeli ya nuna kilo 4.7.

Da rana muka shiga gidan adana makamai na Royal Armouries a nan Leeds tare da wani abokina na ƙungiya, muka daɗe a gaban bindigogin wancan zamani. A hanyar dawowa gardama ta tashi, kuma ina so in rubuta ta domin ita ce ta tsayar mini da inda aikin ya dosa. Shi a ganinsa in ana son bindiga ta yi kama da ta tarihi sai a tsufar da ita: a shafa wa ƙarfe ruwan tsami ya yi duhu, a bubbuga katako da sarƙa, a bar tagulla ta dushe. Ya ce ai ga su nan mun gani a gilashi, haka suke.

Na ce masa abin da muka gani a gilashi bindiga ce mai shekara fiye da 200. Mu kuwa sojan 1812 muke nunawa, kuma abin da ke hannunsa sabuwa ce ko mai 'yan shekaru, sajan na duba ta kullum. Bututun sojan layi fari ne tas, da garin jan bulo da mai suke goge shi har ya riƙa ɗaukar ido, sai a ƙarshen yaƙin aka koma yi wa bututu launin ƙasa-ƙasa. Tagulla ma gogaggiya ce. Sojan da ya fito fareti da tsatsa hukunci zai sha. In muka fito da baƙaƙen bindigogi masu tabo, 'yan kallo za su koma gida da hoton da bai taɓa faruwa ba, kuma yara ne suka fi yawa a cikinsu. Tabon da za ta samu ta same shi a fili, daga hannuna da ruwan sama da hayaƙin albarushi.

Bai yarda duka ba. Ya ce a yaƙin Sifen soja na tafiyar makonni cikin ƙura da ruwa, ba za a ce bindigarsa na walƙiya ba. Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma dattin tafiya daban, tsufan ƙarni biyu daban.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma tsakanin la'asar da shan ruwa a ƙarshen mako.

Rini ya ba ni wahala. Na gwada shi a cikin hanyar bututu inda ba ya ganuwa, ya yi kyau. A jikin gindi kuwa sai ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ya sha ya yi duhu, wani wurin maiƙon tik ya hana shi shiga. Na kankare sama-sama, na wanke katakon duka da tafantain, na tsinka rinin sosai na riƙa shafawa kaɗan-kaɗan, ina ƙarawa a inda ya yi haske kawai. A haka ya daidaita, ya zama ruwan ƙasa mai ɗan ja, kusa da launin walnat da ya sha mai.

Sai kuma man linsid ya ƙi bushewa. Shafar farko ta kwana huɗu tana danƙo, yatsa na barin sawu. Gareji ya yi sanyi da laima, tik kuma ba ya shan mai yadda walnat ke sha, sai man ya zauna a sama. Na goge shi da tsumma da tafantain har danƙon ya tafi, na nemi alfarmar uwargida na rataye ƙotar a ɗakin da tukunyar ɗumama gida take. Yanzu ɗigo kaɗan nake sa wa a tafin hannu, in murza har katako ya yi ɗumi, bayan rabin sa'a in goge duk abin da bai shiga ba.

Duk mai yin wannan aiki ya kula da tsumman da ya sha linsid. In aka dunƙule shi aka jefa a kwando yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Nawa a bokitin ruwa nake tsoma su a waje.

Asabar, 15 ga Maris

Shafa mai, jira, gogewa. Ya fara bushewa cikin kwana biyu. Ƙyallin ya zama na cikin katako, mai taushi.

Asabar, 22 ga Maris

Na kai gidan kunama wajen maƙerin bindiga mai lasisi. Tun bara tartsatsinta kaɗan ne, ja-ja, kuma ƙanƙara na barin rami a fuskar ƙyastu maimakon ta kankare ta. Ya ja magagari a gefe, ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ya ce bai yi tauri ba, sai an sake ba shi wuta. Babban sifirin kuma ya yi ƙarfi fiye da kima, shi ke farfasa duwatsu. Zai gyara duka biyun a fam 65, amma akwai layi a gabana.

Mun duba zanen da ke jikin farantin tare. Kambi da haruffan GR na Sarki George na Uku suna nan, kalmar TOWER, sunan ma'ajin makaman gwamnati a Landan, ita ma tana wutsiya babu shekara, kuma haka ya dace, domin tun 1764 aka daina sa sunan ɗan kwangila da shekara a wurin. Kunamar mai zobe ce a wuya, irin da aka koma yi daga 1809 don ta fi mai lanƙwasasshen wuya ƙarfi. Ta dace da shekarunmu. Da 1808 muke nunawa da sai an canza ta.

Ya tambaye ni ko ina so a buga mini hatiman gwamnati na da, na kambi da kibiya a bututu da na ma'ajin makamai a gindin ƙota, ya ce akwai masu nema. Na ce a'a. Bututu ba na so a buga masa komai bayan gwaji. Sannan bindiga na iya fin mai ita tsawon rai. In na cika ta da hatiman 1812, wata rana bayan ba ni wani zai iya goge lambar zamani ya sayar wa marar sani a matsayin ta asali. A madadin haka na ƙona shekarar 2025 da kalmar da ke nuna kwafi ce a cikin hanyar bututu, inda duk wanda ya kwance ta zai gani.

Dalili makamancin wannan ya sa na ƙi tayin wani da ke da tsohon farantin gefe na tagulla, cikin kayan da aka kwaso a 2003 daga tsohuwar fadar Lagan Silekhana a Kathmandu ta ƙasar Nepal. Kayan asali wurinsu daban, ba na so in huda su ko in goge su don su shiga kwafi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Gidan kunama bai dawo ba tukuna.

Ƙanƙara ta iso, dozin ɗaya fam 24, da ɗan fallen dalma fam 4. Baƙaƙe ne irin na Ingila. Na Faransa, waɗanda ake fasawa a yankin Meusnes, launin zuma gare su, kuma ba su dace da sojan Ingila na shekarunmu ba, lokacin da garin Brandon a Suffolk ke wadata rundunar. A cikin dalma zan naɗe ta a bakin kunama kamar yadda soja ke yi, na cire guntun fatar da ta zo da ita.

Da na kira gida gaisuwar Sallah na nuna wa Kawu ɗaya daga cikin duwatsun ta waya. Ya sa aka matso masa da wayar, ya ce, "Ɗan nan, juya mini ita." Na juya. Ya ce irinta ce sak mahaifinsu ke saye a kasuwa don adakarsa, mai kusurwa huɗu, baƙa, gefe ɗaya a fiƙe. Na ce, "Kawu, ai mai yiwuwa daga gari ɗaya suka fito." Masu fasa dutse na Brandon sun ci gaba da aika ƙanƙara Afirka ta Yamma har tsakiyar ƙarni na 20, bayan sojan Turai sun daɗe da barin ta. Su kansu dogayen bindigogin da suka shigo ƙasashenmu ta bakin teku, da yawansu a Birmingham aka ƙera su, a unguwar da ke yi wa gwamnati Brown Bess, kuma da yawa da bayi aka musanya su. Wannan ɓangaren ina faɗa wa 'yan kallo duk lokacin da aka tambaye ni tarihin bindigar. Kawu ya ce in kula da idona in ana harbi, na ce to.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ƙarfe da tagulla. Bututun ya zo da ƙyallin inji mai kama da na madubi, wanda hannu ba ya bayarwa. Maƙerin ya ce goge fuska kawai ba zai taɓa ingancin gwaji ba muddin ban rage ƙarfe ba. Na daka guntun tsohon jan bulo na tankaɗe, na kwaɓa da man zaitun, na bi bututun a tsaye da tsumma, ina kauce wa hatiman zamani. Ya koma fari mai laushin haske. Tagulla ma haka, bayan na cire lakar roba da aka fesa mata, na kuma goge layin zubi da aka bari a cikin garkuwar kunama.

Maratayin da na yi oda ya zo, ba shi ba ne. Fata ce ta zamani da aka fesa wa farin fenti, ina lanƙwasa ta fentin ya tsattsage. Na asali fata ce mai kauri marar santsi, wadda soja ke farantawa da farar ƙasa. Na mayar, an dawo mini da kuɗina ban da fam 5 na aikawa. Na ba wani baduku da ke yi wa ƙungiyoyi irin tamu aiki, fam 45, ya ce sai tsakiyar Mayu.

Asabar, 26 ga Afrilu

Gidan kunama ya dawo ranar Laraba. Tartsatsi yanzu fari ne, yana zuba cikin kasko yana ƙara. Na haɗa bindigar jiya da dare, yau muka yi atisayen farkon shekara a filin da muka saba, albarushi zalla babu harsashi, jami'in tsaron ƙungiya ya duba ta kafin a fara. Ta tashi a kowane ɗuri in ban da sau ɗaya da ƙanƙara ta sassauta a cikin dalma, na ƙara ɗaure ta. Gyaran tsagar bai motsa ba. Bayan an tashi na cire gidan kunama na leƙa ramin, babu ko ƙwayar albarushi.

Nauyinta ya tsaya a kilo 4.7. Ragowar bambancin daga tik ne da kaurin bututu, kuma nan zai tsaya. A kafaɗa an ji sauƙin, musamman wajen juya ta a ɗura.

Abu biyu na jikinta da dokar ƙungiya ta wajabta: 'yar garkuwar tagulla a gefen kasko don wuta kada ta fesa wa na kusa da kai a sahu, da hular fata a kan ƙyastu. Fam 15 su biyun. Garkuwar ba ta cikin kayan sojan 1812, amma fuskar maƙwabcina ta fi mini, kuma da sukuru ɗaya take fita in za a ajiye bindigar a tebur don 'yan kallo.

Lissafi zuwa yau, har da maratayin da ake jira: fam 240 a kan gyara, 620 ke nan da kuɗin bindiga.

Saura sukurori, waɗanda tsagar kansu ta yi faɗi irin ta zamani, maƙerin ya ce zai yanka mini masu siririyar tsaga in ya samu sarari. Sai banati. Nawa yana girgiza a bakin bututu, kuma ruwansa ya gaza inci 17 na asali da kusan rabin inci. Dattijo ya ce in zo da shi ranar Asabar mai zuwa mu gwada da nasa, in ya so a ga ko gyara zai yi ko sai an nemi wani kafin fitarmu ta watan Yuni.